A Ceci Mai Ajiya, Mai Banki Ya Ɗauki Asararsa

A farkon watan Oktoba na 1878 aka wayi gari bankin City of Glasgow da ke Sikotilan ya rufe ƙofofinsa. Da masu bincike suka zauna kan littattafansa, sai suka tarar da giɓin da ya kai kimanin fam miliyan 6. Shugabannin bankin sun yi shekaru suna zuba rance ga wasu 'yan kamfanoni ƙalilan da ba su da halin biya, suna rubuta alkaluman ƙarya don kada kowa ya farga. A dokar wancan zamani, wanda ya sayi hannun jari a irin wannan banki ya ɗaura wa kansa bashin bankin gaba ɗaya, har gidansa da gonarsa. Saboda haka aka bi masu hannun jarin ɗaya bayan ɗaya, duk mai hannun jari na fam 100 aka ce ya kawo fam 2,750. Cikin mutum 1,819, mutum 254 ne kaɗai suka tsira da sauran abin hannunsu. An gurfanar da daraktocin a Edinburgh a farkon 1879, aka ɗaure su. Masu ajiya kuwa an biya su kuɗinsu cif, ko sisi bai fito daga baitulmalin gwamnati ba.

Shekara 130 bayan wannan, a watan Satumba na 2008, gwamnatin Amurka ta tsamo katafaren kamfanin inshora na AIG daga halaka. An fara da dala biliyan 85, kafin a gama abin ya kai wajen biliyan 180. Kamfanin ya yi wa manyan bankunan duniya lamunin basussukan da ba shi da kuɗin biya, don haka faɗuwarsa za ta ja su duka. Wata shida da ceton, a Maris na 2009, sai labari ya fito za a raba dala miliyan 165 a matsayin garaɓasa ga ma'aikatan sashen nan da ya haƙa ramin. Hujjar da aka kawo ita ce akwai yarjejeniya a rubuce, ba a karya ta. A daidai wannan lokaci ana fitar da miliyoyin iyalai daga gidajensu saboda sun kasa biyan bashin gida. Su ma yarjejeniyarsu a rubuce take, kuma an zartar da ita a kansu ba sassauci.

Duk lokacin da na koma kan tarihin bankuna, waɗannan labarai biyu nake jerawa. Ban yarda a koma zamanin Glasgow yadda yake ba, zan kuma faɗi dalilina a gaba. Amma na fi ƙin inda aka tsinci kai yanzu. Idan banki ya fara tangal-tangal, wajibi ne hukuma ta yi hanzarin kare mai ajiya, ta hana gobarar tsallakawa maƙwabta. Sai dai duk asarar da za a yi, a fara cire ta daga aljihun waɗanda suka ci riba lokacin da kasuwa ke ci. Cikin shekara 150 ɗin nan duniya ta ƙware a kashe gobara, ta yi sakaci da tambayar wanda ya kunna ta, kuma wannan sakacin ne ya sa kuɗin ceto ke ta hauhawa.

Kuɗin da ka kai banki ba ya kwana a banki. Maƙeran zinariya na Landan a ƙarni na 17 sun fito da wannan fili ƙarara. Mutane na kai musu zinariya ajiya saboda suna da ma'aji mai ƙarfi, su karɓi rasit. Rasit ɗin ya fara yawo hannu zuwa hannu tamkar kuɗi, ba wanda ya damu ya je ya ɗauko zinariyar. Da maƙeran suka lura masu zuwa karɓa a rana ba su taka kara sun karya ba, sai suka fara ba da rancen abin da ke ajiye. Har gobe a kan wannan dabara banki yake tsaye. Ya yi maka alkawarin duk ranar da ka zo za ka samu kuɗinka, ya kuma yi wa mai gina masana'anta alkawarin ba zai tambaye shi uwar kuɗi ba sai bayan shekara goma. Wannan ba ha'inci ba ne, don da babu shi da yawan hanyoyin jirgin ƙasa da masana'antu da gidajen da ake gani ba a gina su ba. Amma alkawuran nan biyu ba sa cikuwa a rana ɗaya.

Shi ya sa jita-jita kaɗai kan kashe banki mai lafiya. Ina jin zafin masu kiran jama'ar da ke layi a ƙofar banki marasa hankali. Wanda ya riga zuwa zai karɓi nasa cikakke, wanda ya makara zai tarar an rufe taga. Ko ka tabbata bankin lafiyarsa lau, in ka ga maƙwabtanka sun nufi can da sassafe, hankali ne zai ce ka bi su. Tsoron kowa daidai yake a karan kansa, haɗuwarsa wuri ɗaya ce ke rusa ginin a kan kowa.

Turai ta sha wannan darasi tun da wuri. A 1661 bankin Johan Palmstruch a Stockholm ya fitar da takardun kuɗi na farko a nahiyar, domin kuɗin tagulla na Suwidin nauyi gare su, wani faranti ɗaya ya kusa kilo 20. Jama'a suka karɓi takardun hannu bibbiyu. Bankin ya yi ta bugawa fiye da tagullar da ke ma'ajinsa, cikin 'yan shekaru masu takardu suka zo canji aka rasa abin ba su. An yanke wa Palmstruch hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. A kan kufan wannan banki majalisar ƙasar ta kafa Riksbank a 1668, babban bankin da ya girme wa duk na duniya a yau. Su ma sarakuna sun kayar da bankuna. Gidajen Bardi da Peruzzi na Florence sun durƙushe a shekarun 1340, kuma bashin yaƙi da Sarki Edward na Uku na Ingila bai biya ba yana cikin abin da ya karya su. A 1672 Sarki Charles na Biyu ya dakatar da biyan maƙeran zinariyar Landan, da yawansu suka talauce tare da masu ajiyarsu. Shi kansa Bankin Ingila an kafa shi ne a 1694 don ya ranta wa gwamnati fam miliyan 1.2 na yaƙi da Faransa. Gwamnati da banki tun asali igiya ɗaya ta ɗaure su, kowanne ya faɗi sai ya ja ɗan'uwansa.

Inda aka fara gane yadda ake kashe gobarar da gaske shi ne Landan a 1866. Gidan Overend, Gurney ya fi kowanne girma wajen sayen takardun bashin 'yan kasuwa, har ana yi masa kirari da bankin bankuna. Magadan da suka karɓi gidan suka bar sana'ar da suka sani suka zuba kuɗi a jiragen ruwa da wasu harkoki masu dogon zango. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada suka je Bankin Ingila neman agaji. Bankin ya tura mutane suka duba littattafai, suka dawo suka ce gidan ya ruɓe, aka hana shi. Ranar 10 ga Mayu ya daina biya. Washegari titin Lombard, cibiyar bankunan Landan, ya cika da jama'a maƙil, kowa na neman nasa daga kowane banki. A nan Bankin Ingila ya yi abin da ya zama abin koyi: ya buɗe ma'ajinsa ga duk wanda ya zo da jingina ta ƙwarai, kuɗin ruwa ya kai kashi 10 cikin 100, gwamnati kuma ta ba shi izini a rubuce ya buga takardun kuɗi fiye da abin da dokar 1844 ta ƙayyade idan ta kama. Sanin cewa izinin yana nan ya isa, ba a ma kai ga amfani da shi ba. Ruɓaɓɓen gida ya mutu, masu lafiya suka rayu.

Walter Bagehot, editan mujallar The Economist, ya tsara wannan ya zama ƙa'ida a littafinsa Lombard Street na 1873. A lokacin firgici babban banki ya ba da rance ba ƙyashi, amma da tsada, kuma ga mai jingina ta ƙwarai kaɗai. Kowane sharaɗi da aikinsa. Yalwar rancen ita ke kwantar da hankalin mai layi, don in ya ga kuɗi ba ya ƙarewa sai ya koma gida. Tsadar tana korar wanda ya zo neman ɓagas alhali bai matsu ba. Jinginar kuwa ita ke raba bankin da kuɗin hannu ya yanke masa na ɗan lokaci da wanda ya riga ya mutu a tsaye. Abin da na lura da shi a rikice-rikicen zamaninmu shi ne kowa ya haddace sharaɗi na farko, sauran biyun sai a yi musu kwaskwarima gwargwadon girman mai roƙo.

Zan yi adalci ga masu riƙe da babban banki: a daren rikici raba mai ƙishirwa da mai ciwon ajali ba abu ne mai sauƙi ba. Kadarar da jiya ake saye 100, yau 60 ake tayawa, don kowa na sayarwa ba mai saye. Wace daraja za ka ɗauka, ta jiya ko ta yau? In ka ɗauki ta yau kowa matacce ne, in ka ɗauki ta jiya kowa lafiyayye ne. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma abin da yake nunawa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Dole a san tun ana zaman lafiya wanda zai fara asara, wanda zai bi masa, da wanda ba za a taɓa ba ko ana ha-maza-ha-mata.

Ceton da ya fi burge ni a tarihi shi ne na gidan Barings a 1890. Gidan ya nutse cikin takardun bashin Ajantina da ya kasa sayarwa. Gwamnan Bankin Ingila, William Lidderdale, ya ranto zinariya daga Faransa, ya samo wata daga Rasha, ya tara sauran bankunan Landan suka yi lamuni na haɗin gwiwa da ya kai wajen fam miliyan 17, kuma ya fara wannan shiri tun kafin labari ya bazu. An biya masu bin Barings bashi, kasuwa ba ta kama da wuta ba. Amma masu gidan, da Lord Revelstoke a gaba, sun sayar da gidajensu da kayan alatunsu don cike giɓin. An rushe tsohon kamfanin aka kafa sabo, kuma a ƙarshe waɗanda suka yi lamuni ba su biya komai ba. An ceci sunan Barings da amanar kasuwa, dukiyar iyalan Baring ce ta biya.

Amurka ta makara wajen koyo. A firgicin 1907 ba ta da babban banki, sai da attajiri J.P. Morgan, yana ɗan shekara 70, ya tara shugabannin gidajen kuɗi a ɗakin karatunsa ya kulle ƙofa har suka yarda suka haɗa dala miliyan 25. Ƙasa ba ta dogara ga dattijo ɗaya, shi ya sa aka kafa babban bankin ƙasar, Federal Reserve, a 1913. Sai dai samun makami daban, amfani da shi daban. Daga 1930 zuwa 1933 babban bankin ya naɗe hannu, da tunanin cewa a bar marasa ƙarfi su mutu kasuwa ta tsarkaka. Bankuna kusan 9,000 suka rushe. Kuɗin da ke yawo a ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, mutum ɗaya cikin kowane huɗu na masu neman aiki ya rasa abin yi.

Duk wanda ya ce mini a bar bankuna su faɗi kawai don su ɗanɗana kuɗarsu, waɗannan shekaru nake nuna masa. Wanda ya fi ɗanɗanawa shi ne leburan da albashinsa ya maƙale, da tsohuwar da ta tara na shekara talatin, da mai ƙaramin kanti da rance ya yanke masa ba gaira ba dalili. Ba su zauna a taron daraktoci ba, ba su ga littafi ba, ba su ci riba ba. Da Shugaba Roosevelt ya hau mulki a Maris na 1933, ya rufe dukkan bankunan ƙasar ranar 6 ga wata, ya tura masu bincike, ya yi wa jama'a bayani ta rediyo ranar 12 cikin harshen da kowa zai gane, washegari aka fara buɗe waɗanda aka tantance. Mutane suka yi layi, wannan karon don mayar da kuɗinsu. A Janairu na 1934 inshorar ajiya ta fara aiki, tana lamunce wa kowane mai ajiya har dala 2,500. A 1933 bankuna kusan 4,000 suka rufe, a 1934 tara kacal cikin masu inshora suka faɗi. Ban san wata doka ta kuɗi da ta share wa talaka hawaye kamar wannan ba.

To amma daga nan wata ɓaraka ta fara, a hankali, ba wanda ya tsaya ya yanke shawararta a rana ɗaya. Duk garkuwar da aka yi wa mai ajiya, mai banki ma ya fake a bayanta. Da can sai mai banki ya nuna wa jama'a dukiyarsa kafin su yarda da shi. A shekarun 1840 kusan rabin kuɗin da bankunan Amurka ke juyawa na masu bankin ne. Bayan Glasgow, Birtaniya ta sassauta alhakin masu hannun jari da dokar 1879. A Amurka akwai tsarin da ke tilasta wa mai hannun jari a bankin da ya faɗi ya ƙara biyan kwatankwacin jarinsa, aka soke shi a shekarun 1930. Manyan gidajen kuɗi na Wall Street a New York, waɗanda a da abokan tarayya ne ke juya dukiyar kansu, suka riƙa komawa kamfanonin da ke juya dukiyar wasu. Goldman Sachs ya bi sahu a 1999. Lokacin da bankin Lehman Brothers na Amurka ke dab da faɗuwa a 2008, a kan kowace dala ɗaya ta masu shi yana ɗauke da kadarorin wajen dala 30. Ma'ana darajar kayansa ta sauka da kashi 3 ko 4 cikin 100 kawai, jari ya ƙare, saura na mutane ne.

A 1984 aka ceci Continental Illinois, banki na bakwai a girma a Amurka, aka lamunce wa duk mai binsa, babba da ƙarami. Wani babban jami'in sa ido ya shaida wa majalisa cewa bankuna 11 mafiya girma ba za a bari su faɗi ba. Daga ranar kasuwa ta ji karatun: ranta wa ƙaton banki daidai yake da ranta wa gwamnati. Don haka ƙato yana samun rance da rahusa fiye da ƙarami, kuma hanyar tsira ita ce ka ƙara girma da sarƙaƙiya har hukuma ta ji tsoron taɓa ka. Shugaban da ya yi caca da kuɗin bankin, in ta yi kyau shekara biyar ya kwashi garaɓasa ta shekara biyar, in ta ɓaci a ta shida ya ajiye aiki da abin da ya tara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 2008 ban ga laifin ceto ba. An ga jama'a a layi gaban bankin Northern Rock a Birtaniya tun Satumba na 2007, an kuma ga abin da ya biyo bayan barin Lehman ya faɗi ranar 15 ga Satumba, 2008, da kadarori sama da dala biliyan 600: bankuna suka daina yarda da juna ko na kwana ɗaya. Da an ci gaba da naɗe hannu da 1931 ta maimaita kanta. Sharuɗɗan ceton ne nake ƙorafi a kansu. Masu kare su kan ce bankunan Amurka sun mayar da abin da aka ba su daga asusun ceto na dala biliyan 700 da gwamnati ta ware, har da riba. Haka ne. Amma wa ke sayar da laima cikin mamakon ruwa a farashin rani, sannan ya ce ya ci riba? Gwamnati ta ɗauki kasadar da babu ɗan kasuwa ɗaya a duniya da zai ɗauka a wannan farashi. Kuma lissafin bai haɗa da rashin aikin yi da ya kai kashi 10 cikin 100 a 2009 ba. Birtaniya ma da ta zuba sama da fam biliyan 45 a Royal Bank of Scotland, har ta gama sayar da hannun jarinta ba ta mayar da abin da ta zuba ba.

Ƙasashen Ayilan (Ireland) da Ayislan (Iceland) sun shiga rami iri ɗaya cikin kwanaki kaɗan, suka fita ta ƙofofi daban. A daren 29 ga Satumba, 2008, gwamnatin Ayilan ta lamunce kusan duk abin da ake bin bankunanta shida, kimanin yuro biliyan 400, fiye da ninki biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Lamunin bai tsaya ga mai ajiya ba, ya haɗa da manyan masu zuba jari da suka sayi takardun bashin bankunan idonsu biyu, suna karɓar ladan kasada. Bankunan suka lamushe wajen yuro biliyan 64 na jama'a, a Nuwamba na 2010 ƙasar da kanta ta miƙa ƙoƙon bara ga Tarayyar Turai da Asusun Lamuni na Duniya. Aka rage albashi, aka ƙara haraji, matasa suka yi ta ƙaura. Bashin da 'yan kasuwar filaye da bankunansu suka ci ya koma kan malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya.

Ayislan, mai mutum wajen 320,000, bankunanta uku sun ninka tattalin arzikinta kusan sau goma, ko ta so ceto ba ta da hali. Ranar 6 ga Oktoba majalisa ta yi dokar gaggawa da ta sa masu ajiya gaba da sauran masu bin bashi. Aka kwashe harkokin cikin gida zuwa sababbin bankuna, katin cirar kuɗi bai daina aiki ba, manyan masu bin bashi suka raba abin da ya rage. Aka naɗa mai gabatar da ƙara na musamman, shugabannin bankuna da dama suka shiga kurkuku. Jama'a sun sha wuya, kuɗin ƙasar ya zube da kusan rabi, takunkumin fitar da kuɗi waje ya kai 2017. Amma sun sha wuyar suna gani da idonsu cewa tsuntsun da ya ja ruwa ruwan ya doke shi, kuma wannan yana da daraja ga zaman lafiyar ƙasa fiye da yadda masu lissafi ke ƙiyastawa.

Suwidin a 1992 ta nuna ana iya yin abin da tsari, ba sai dole ta sa ba. Gwamnati da 'yan adawa suka tsaya tare suka lamunce wa masu ajiya, sannan suka ce duk bankin da ke son kuɗin jama'a ya buɗe littattafansa, ya amsa asararsa, masu shi su sallama hannun jarinsu. Nordbanken da Gota suka koma hannun gwamnati, aka ware munanan basussuka a kamfanoni na daban irin su Securum, aka sayar da kadarorin a natse. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bankin SEB, da ya ga tsananin sharuɗɗan, sai ya janye buƙatarsa ya nemo jari daga masu shi. Kuɗin ashe yana nan, tsada ce ta fito da shi. Japan ta bi ɗaya hanyar, ta yi shekaru tana rufa wa bankunanta asiri bayan faɗuwar farashin filaye, ana sabunta rance ga kamfanonin da suka mutu don kada a rubuta asara, har a Nuwamba na 1997 manyan gidaje irin su Yamaichi suka zube. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jinkirin ya ci wa ƙasar shekara goma.

Mafi munin duka shi ne a juye asarar kan mai ajiya. A Disamba na 2001 Ajantina ta ƙayyade wa mutane cirar peso 250 a mako, daga baya aka mayar da ajiyarsu ta dala zuwa peso a farashin da ya cuce su. A Saifurus a 2013 an fara da shawarar yankar wani abu har daga ƙananan masu ajiya, sai da majalisa ta yi fatali da ita. Labanon kuwa tun 2019 bankuna suka riƙe kuɗin mutane ba tare da wata doka da ta tsara rabon asara ba, darajar kuɗin ƙasar ta zube da fiye da kashi 90 cikin 100. A Satumba na 2022 wata mata ta shiga wani banki a Beirut da bindigar wasan yara, tana neman a ba ta daga ajiyar gidansu don jinyar 'yar'uwarta mai ciwon daji. Duk tsarin da ya kai mai ajiya ga wannan hali ya ci amana mafi girma da ke cikin sana'ar, kuma zuriya guda za ta shuɗe kafin mutane su sake kai kuɗinsu banki da zuciya ɗaya.

Wasu za su ce duk wannan sharrin kuɗin ruwa ne, bankin da ba ya mu'amala da ruwa ya tsira. Ina girmama wannan ra'ayi, amma tarihi bai bar mu mu kwanta a kansa ba. A Fabrairu na 2001 gidan Ihlas Finans na Turkiyya, wanda ba ya harka da ruwa, ya rushe, masu ajiya kuma suka yi rububin cire kuɗinsu daga sauran gidaje irinsa. Muddin ana karɓar kuɗi na yau ana zuba shi a harka ta shekaru, muddin kuma shugabanni na iya karkatar da shi ga makusantansu, haɗarin yana nan. Abin da ya kamata a ɗauko daga malaman fiƙihu shi ne ƙa'idar nan tasu da ta ce wanda ke da haƙƙin riba shi ke da alhakin asara. Kusan duk abin da nake faɗa yana cikinta.

Na yi alkawarin faɗin abin da ya sa ban yarda da Glasgow yadda take ba. Da yawa daga waɗanda aka tsiyata a 1878 ƙananan mutane ne, zawarawa da dattawa da masu riƙon dukiyar marayu, waɗanda suka sayi hannun jari kaɗan suna gaskata alkaluman da aka buga musu. Daraktocin da suka yi ƙaryar, mafi tsawon ɗaurinsu wata 18 ne. Hukuncin ya yi nauyi a inda laifi ba shi da yawa. Don haka mai ƙaramin hannun jari ya rasa jarinsa ya isa. Wanda nake so a kama shi ne mai yanke shawara: shugaba, darakta, da babban mai hannun jarin da ke juya akalar bankin. A riƙe kaso mai tsoka na ladansu shekaru masu yawa, in bankin ya faɗi cikin wa'adin ya tafi ga cike giɓi, ko an kama su da zamba ko ba a kama ba, domin sakaci ma yana da farashi. Wannan ba mafarki ba ne. A Brazil tun 1974 akwai dokar da ke ƙulle dukiyar shugabannin banki da zarar hukuma ta karɓe shi, har sai an gama bincike, kuma ba a rasa masu son shugabancin banki a can ba.

Sai jari. Ana cewa in an tilasta wa bankuna ƙara jari rance zai yi tsada. Wataƙila ya ɗan yi. Amma rahusar da ake gani yanzu wani ne ke biyanta, sai dai ba a kawo masa takardar ba tukuna. Yarjejeniyar Basel ta 1988, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla kan jarin bankuna, ta ce kada jarin banki ya gaza kashi 8 cikin 100, amma na kadarorin da aka auna da ma'aunin haɗari, daga baya har aka bar manyan bankuna suna auna haɗarin kansu da kansu. An ƙara tsaurarawa bayan 2010, na kuma yaba, sai dai duk shekarar da aka samu lafiya sai ka ji ana roƙon a sassauta.

Shekarar 2023 ta nuna lokaci ya ƙure fiye da da. Ranar 9 ga Maris masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga Silicon Valley Bank na Amurka cikin yini ɗaya, mafi yawa ta waya da kwamfuta, ba layi ba hayaniya. Washegari aka rufe shi. Inshora ta tsaya ne a dala 250,000, amma cikin kwana biyu hukuma ta lamunce wa kowa da kowa, har masu ɗaruruwan miliyoyi. Masu hannun jari sun rasa nasu, wannan daidai ne. Kwana tara bayan rufe shi aka miƙa bankin Credit Suisse na Suwizalan, mai shekara 167, ga bankin UBS a kan faran biliyan 3 na kuɗin ƙasar, Suwizalan ta wayi gari da ƙaton banki ɗaya da kadarorinsa suka kusa ninka tattalin arzikinta biyu. A ceton Barings, Lidderdale ya samu kwanaki yana shiri a ɓoye. Wanda ke kujerarsa yau sa'o'i gare shi, kuma wanda ke cikin irin wannan matsi zai sa hannu a kan kusan duk abin da aka miƙo masa.

Bayan faɗuwar Silicon Valley Bank, 'yan majalisar dattawan Amurka daga jam'iyyun biyu suka kawo ƙudirin da zai ba hukuma ikon ƙwato ladan da shugabannin bankin da ya faɗi suka karɓa a shekaru biyun ƙarshe. A Yuni na 2023 ya tsallake kwamiti da ƙuri'a 21 da 2. Kasuwa ta lafa, hankula suka koma wani wuri, wa'adin waccan majalisa ya ƙare ba a kai shi zaure an kaɗa masa ƙuri'a ba. Shekara biyu ma a ganina ta yi kaɗan, tunda rancen da ke kashe banki yakan yi shekara biyar ko fiye yana kwance kafin ya yi wari. Ina so a dawo da shi a tsawaita wa'adin, ina kuma so duk ƙasar da ke da inshorar ajiya ta rubuta irinsa a cikin dokar inshorar kanta, shafi ɗaya da alkawarin da ta yi wa mai ajiya.